Yini guda da ɗan jagora a kufan Hampi

Kwana biyu suka rage min a Bangalore ina jiran a gama ɗaure kayana, sai wani abokin ciniki ya ce in dai ba zaman otal nake so ba, in hau jirgin ƙasan dare zuwa Hosapete in je in ga Hampi. Na bi shawararsa. Daga tashar zuwa Hampi kamar kilomita 13 ne. Mai masaukina shi ya haɗa ni da ɗan jagora mai lasisi da kuma mai adaidaita sahu na yini guda, kuma aikinsu nake son in faɗa, don na san akwai masu zuwa Indiya fatauci ko jinya da za su samu rarar kwana irin tawa.

Ɗan jagora ya karɓi rupi 2,000, mai adaidaita 1,200. Tikitin shiga kuwa baƙo yana biyan 600, ɗan ƙasa 40. Ba laifin kowa a cikinsu ba ne, amma sai da na yi tsaki.

Da ni kaɗai na shiga, da abin da zan gani bai wuce tarin duwatsu da ginshiƙai ba. Ɗan jagoran nan da ya ji ni ɗan kasuwa ne, sai ya ƙi kai ni cikin haikalin Virupaksha kai tsaye. Ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ƙarƙashin hasumiyar da tsayinta ya kai mita 50, ya ce: “Malam, juya bayanka tukuna.” Na juya. Titi ne miƙaƙƙe mai faɗi, tsawonsa ya doshi kilomita guda, hagu da dama rumfuna ne na dutse a jere, wasu har hawa biyu. Kasuwa ce. Na shiga rumfa ɗaya na auna ta da taku, na ga inda mai kaya zai zauna da inda zai baza haja, har na fara lissafin kuɗin haya a raina. Daga baya na lura haikalin Krishna da na Vittala kowanne da irin titinsa a gaba. Wato a garin nan duk inda aka gina babban wurin bauta, kasuwa na bakin ƙofarsa. Masu ziyara su ne masu saye, fatake kuma su ne cikin masu ba haikali kyauta, kowa na ci da kowa.

Tarihin ma ya iya shi, kuma ba karatun aku yake yi ba. Nan ne babban birnin daular Vijayanagara, wadda Harihara da ɗan'uwansa Bukka suka kafa a 1336 a gaɓar kogin Tungabhadra. Ya ba ni labarin Abdur Razzaq, jakadan da ya zo daga Herat a 1443, wanda ya ƙirga ganuwa bakwai wata cikin wata, ya kuma ga masu duwatsu masu daraja suna sayar da lu'ulu'u da yaƙutu a fili cikin kasuwa. A zamanin Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, hajar da ta fi cin kuɗi ita ce doki. Daga ƙasashen Larabawa da Farisa ake kawo su ta teku, daga baya mutanen Fotugal da ke Goa suka kama cinikin. Ya kai ni jikin wani babban dandamali da ake kira Mahanavami Dibba, ya nuna min an sassaƙa fataken nan baƙi riƙe da linzamin dawakinsu. Na daɗe a wurin.

Sai dai yana da gishiri. A bakinsa lu'ulu'un nan har da mudu ake aunawa. Na ce masa jakadan nan da ka ambata ya faɗi mudu? Ya yi dariya ya ce baƙi sun fi son jin haka. To, ku riƙa tambaya.

Inda muka ɗan yi ja-in-ja shi ne batun rushewar garin. A 1565 sarakunan Musulmi na yankin Deccan, su Bijapur da Ahmadnagar da Golkonda da Bidar, suka haɗa kai suka ci rundunar Rama Raya, mai riƙe da mulkin Vijayanagara a lokacin, a yaƙin Talikota, aka kwashe watanni ana wasoson birnin, bai ƙara tashi ba. Ɓarna ce babba, ga gumaka nan da karyayyun hannuwa. Amma shi ya kawo maganar kamar addini biyu ne kawai, Musulunci da Hindu, suka gwabza, alhali mintuna kaɗan kafin nan mun fito daga bargar giwaye, ɗakuna 11 a jere masu ƙubba da bakan gizo, wanda in ba a gaya maka ba za ka rantse ginin wani sarkin Musulmi ne. Haka wani gini da ke kusa da ake kira Lotus Mahal. Da na faɗi haka sai ya yi shiru, ya yi wa mai adaidaita magana da harshensu na Kannada, muka ratse hanya. Ya kai ni wani ɗan masallaci da kabari a gefensa, wanda Ahmad Khan, hafsa a rundunar sarki Deva Raya na biyu, ya gina a 1439. Babu kowa a wurin sai awaki. Ashe ya san da shi, ba ya cikin jerin da ya saba bi ne kawai. Wannan ratsen ya fi min komai a yinin.

Haikalin Vittala ba sai na ja ba, hotonsa na ko'ina. Karusar dutsen nan da ke jikin takardar rupi 50 a can take, kuma kowa sai ya ɗaga takardarsa ya ɗauki hoto, har da ni. Siraran ginshiƙan da ake cewa suna ƙara kamar kayan kiɗa an hana ƙwanƙwasa su, shi ma bai nemi ya saci hanya ba, na kuwa yaba masa.

Laifinsa biyu. Da azahar, rana na dukan falalen duwatsun nan kamar tanda, ya tsayar da mu a wani shagon kayan sassaƙa wai mu sha inuwa. Ni da na tsufa a kasuwa ai na san ƙamshin la'ada. Kusan awa guda ta tafi a nan, ita ta ci mana lokacin gidan kayan tarihi na Kamalapura, wanda tikitina ya riga ya biya. Na biyu, sauri. A wani tsohon tafki mai matakala da masu binciken kayan tarihi suka tono a shekarun 1980, ina cikin bin magudanar dutsen da ke kawo masa ruwa ina son in ga inda ta faro, shi har ya koma cikin adaidaita yana duban agogo. Mai adaidaitar kam ba ni da abin cewa a kansa, ruwan sanyi bai yanke a bayan kujerarsa ba, kuma da lokacin salla ya yi shi ya nemo min wuri mai tsabta.

Ɗan jagoran zan sake ɗaukar sa, amma da sharaɗi tun a bakin masauki: mu fita ƙarfe shida na safe, babu shago, masallacin Ahmad Khan da gidan kayan tarihi suna cikin lissafi, rabin kuɗi kuma sai an dawo. Wanda zai je ya sa takalmi mai sauƙin cirewa, don Virupaksha har yau ana bauta a cikinsa, ƙafa tsirara ake shiga, kuma daga hantsi daɓen dutsen nan ba ya takuwa.