Na'urar da ke kiran jirgi idan teku ta tafi da mutum

'Yan uwa na gida, ga abin da idona ya gani a tekun Kwinslan ta Ostiraliya, inda nake koyon nutso da tukunyar iska a baya. Mun taso daga ruwa, ma'aikaciyar jirgi ta ƙirga mu, kowa ya sa hannu a gefen sunansa, sai aka ga babu mutum biyu. Igiyar ruwa ta yi gaba da su. Ni cikina ya ɗuri ruwa, direban jirgin kuwa ko gezau. Allon gabansa ya leƙa, sai ga ɗigo yana nuna inda suke.

Ashe ɗayansu na ɗauke da Nautilus LifeLine, 'yar na'ura da tafin hannu ke riƙewa. Da mutum ya taso sai ya buɗe murfi, ya saki eriya, ya danna, ita kuma ta sanar da jiragen kusa masu na'urar AIS, wadda jiragen ruwa ke ganin inda juna suke da ita, daidai inda yake. Muka juya, muka tarar da su sun ɗaga dogon balan-balan ruwan lemo, har da dariyarsu!

Ba haka kawai masu jiragen nan suka koyi wannan tsantseni ba. A 1998 wani jirgi ya bar Tom da Eileen Lonergan, miji da mata 'yan Amurka, a wannan teku. Sai bayan kwana biyu aka farga, kuma har yau ba a gan su ba.

Ni wata iri na saya, PLB, na'urar neman ceto ta mutum ɗaya, mai aika saƙo a zangon megahaz 406 zuwa taurarin ɗan adam na tsarin ceto na Cospas-Sarsat, daga nan ya isa cibiyar ceto ta Kanbera, babban birnin Ostiraliya. Sai dai tana da ɗawainiya. Ba ta jure zurfi, dole a saya mata gwangwani na musamman, ga shi yana dukan cinya in ana iyo. Robar bakin gwangwanin kullum a duba a shafa mata mai, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ruwa ya shiga. Batir ma ba kai za ka canza ba, sai an kai wa wakilan kamfaninta. Kuma duk cikinsu babu mai aiki a ƙarƙashin ruwa, sai ka taso.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu na gida. Kwale-kwale zai kife, a rasa wanda ya san ko mutum nawa suka shiga. Ƙirga fasinja kuɗi yake ci? Rigar hana nutsewa ma in ka nema sai a ce ka cika tsoro.

Rajistar PLB da AMSA, hukumar kula da lafiyar sufurin ruwa ta Ostiraliya, kyauta ce, amma suna so ka rubuta wanda za a kira in na'urar ta tashi. Na daɗe ina kallon wannan layi, kewar gida ta taso mini. Yaya, lambarka na sa. Don Allah ka daina ƙin ɗaga baƙuwar lamba.