Zaɓen Kyamara da Gilashi Don Ɗaukar Hoton Furanni Daga Kusa

Wanda yake son ɗaukar hoton fure har a ga garin da ke tsakiyarsa da raɓar da ta kwanta a kan ganyensa, ya fara tunanin gilashi, wato idon da ake ɗaurawa a gaban kyamara, kafin ita kyamarar. Kusan kowace kyamara ta zamani da ake sauya wa gilashi za ta yi wannan aiki, mai madubi ce ko marar madubi. Mai ƙaramin allon kama hoto, wato APS-C, ba ta gaza ba, domin tana cika hoto da ƙaramin fure fiye da mai babban allo na milimita 36 a 24.

Abin dubawa a jikin gilashi shi ne lambar 1:1, wadda ke nufin cewa fure mai faɗin santimita 1 zai faɗo a kan allon da faɗin santimita 1 cif. Ni dai ban ga abin da ya kai gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, mai lambar milimita 90 zuwa 105 ba, irin su Sony FE 90mm f/2.8, da Nikon Z MC 105mm f/2.8, da Canon EF 100mm f/2.8L. Dukansu suna kai wa 1:1 daga nisan kusan santimita 30 tsakanin fure da allon kyamara, kuma wannan tazara ita ce sirrinsu, domin inuwar mai ɗauka ba ta rufe furen, kudan zumar da ta sauka a kai ba ta firgita, sannan abin da ke baya yana narkewa ya bar furen shi kaɗai. A irin wannan kusanci, wurin da ke fitowa tas bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, shi ya sa ake tsuke ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin gilashin, zuwa f/8 ko f/11 don wurin ya ƙaru, a kuma jira iska ta kwanta. Gilashi mai milimita 50 ko 60 ya fi sauƙin ɗauka amma sai mutum ya kusan cusa shi cikin furen. Zoben ƙarin tsawo kuwa, wanda ake sawa tsakanin kyamara da gilashi don a iya matsowa kusa, yana rage haske, kuma wayar hannu ba ta cikin wannan lissafi.

Inda na ƙone shi ne wajen kalmar makro da ake rubutawa a jikin gilashin zuƙo hoto. Na saya da murna, daga baya na gano bai wuce 1:4 ba, wato kashi ɗaya cikin huɗu na girman furen. Saboda haka kada a yarda da rubutun kwali, a nemi lambar da kanta.

Gilashi na hannu ya fi wannan haɗari. Wani mai sayarwa ya taɓa miƙo mini gilashi mai ƙyalli a waje, ashe fumfuna ta yi saƙa a cikinsa kamar yanar gizo-gizo, ban lura ba sai da hotunana suka riƙa fitowa da hazo. A cire murfi gaba da baya, a haska tocila ta ciki, a juya zoben saiti a ji ko yana cijewa, a kuma gwada lambar shaida da ke jikin gilashin da ta kwali. Jabun batura da katin memori ma sun yi yawa, har akwai katin da ke nuna girman da ba shi da shi, sai ya cika sannan hotuna su fara ɓacewa. Mai sayarwar da ya hana a ɗaura gilashin a kan kyamara a ɗauki hoto a gabansa, a bar masa kayansa.