Sandar maganiziyam a cikin cila: ta yi aiki, amma iyakarta murfi

Cilar (wato na'urar sanyaya ruwa) da ke sanyaya injinan roba a masana'antarmu ta Sharada, bututun cikin kondensarta (sashen da ruwa ke bi ya kwashe zafi) na jan ƙarfe ne, murfin kondensar da layukan da ke kai ruwa hasumiyar sanyayawa kuwa baƙin ƙarfe. Duk inda irin waɗannan ƙarafa suka taɓa juna cikin ruwa, wata 'yar wutar lantarki ce ke bi tsakaninsu, baƙin ƙarfen ya yi ta cinyewa, jan ƙarfen ko a jikinsa. Mu murfin ne ya fara yin ramuka.

Shi ya sa muka sayi sandunan maganiziyam, waɗanda masu gyara ke kira anod. Ana ɗaure su cikin murfin don su cinye a madadinsa. An ba mu shawarar tutiya, amma ita ta fi dacewa da ruwan gishiri. Namu na burtsatse ne, wuta ba ta bin sa sosai, sai maganiziyam mai ƙarfin tura wutar.

Da aka buɗe murfin lokacin sabis, sandunan sun zaizaye sun yi kaca-kaca, ramukan kuwa ba su ƙaru ba. A nan kam sun ci kuɗinsu. Sai dai a goge wurin ɗaurin tas, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. In akwai fenti ko tsatsa a tsakani, ado kawai aka sa.

Inda mai sayarwa ya yi mana daɗin baki shi ne cewa za su kare layin gaba ɗaya. Ina! Kariyarsu ba ta nisa. Wurin da bawul na tagulla ya haɗu da bututun baƙin ƙarfe bai daina yoyo ba sai da aka sa mahaɗi mai roba a tsakani, wanda ke yanke wutar. Haka kuma ba su hana jan ƙarfen da ya narke cikin ruwa ya je ya manne wa baƙin ƙarfe can gaba ya huda shi. Wannan aikin maganin tolyltriazole ne, wanda ake zubawa a ruwan don hana jan ƙarfe narkewa. Ga tururi yana tashi a hasumiya gishirin ruwan yana ƙaruwa, dole a riƙa zubar da wani a ƙara sabo.

Zan sake saye. Suna saurin ƙarewa, don haka a ajiye wasu a sito, a canza da zarar rabi ya tafi.