Takalmin Iyo ko Faifan Hannu: Wanne Za Ka Fara Saya?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka fara saya domin ƙara saurin iyo. Tsakanin abubuwa biyun da ka ambata, wato takalmin iyo mai faɗin baki irin ƙafar agwagwa da faifan da ake ɗaurawa a tafin hannu, shawarata ita ce ka sayi takalmin, kuma ka tabbatar gajere ne. Duka biyun ina da su, sai dai ɗaya ne yake jiƙewa duk ranar da na je atisaye, ɗayan kuwa ya daɗe kwance a ƙasan jaka.

Yawancin waɗanda suka koyi iyo bayan sun girma, ba ƙarancin ƙarfi ne yake hana su sauri ba, yadda jikinsu yake kwanciya a ruwa ne. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma duk lokacin da mutum ya ninka saurinsa, turjiyar ruwan takan ninku kusan sau huɗu. Shi ya sa Pan Zhanle ɗan ƙasar Sin, wanda ya kafa tarihin duniya a tseren iyo a kife na mita 100 da sakan 46.40 a gasar Olamfik ta Faris a 2024, da kaɗan ya haura mita 2 a kowane sakan, tafiyar da mai sassarfa a tudu zai yi ba tare da wahala ba. Wanda ƙugunsa da ƙafafunsa suka nutse kuwa, jan jikinsa yake yi a karkace, kuma duk ƙarfin da ya ƙara a dantse, ruwan ne yake cinye mafi yawansa. A gasar duniya ta birnin Roma a 2009 an karya tarihi har 43, lokacin da 'yan wasa suke sanye da wasu riguna masu matse jiki da ɗaga shi sama, har hukumar wasan ta haramta su daga 2010. Rigunan nan ba su ƙara wa kowa tsoka ba, turjiya kawai suka rage.

Wannan gyaran kwanciya shi ne aikin takalmin. Ranar da na fara sa nawa, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne jin bayana ya taso har iska tana taɓa shi, kuma numfashin da a da nake fizga cikin gaggawa ya zama ina ɗaukarsa a natse, domin jikin ba ya nutsewa idan na juya kai. Da hankalina ya kwanta, sai na samu damar lura da abin da hannuna yake yi, kuma a nan ne wani dattijo da muke haɗuwa a layi ɗaya ya nuna mini cewa hannun damana yana tsallaka tsakiyar jiki idan ya shiga ruwa. Gyaran bai yi wuya ba, saboda takalmin yana riƙe da ni yayin da nake koyon sabon motsin a hankali. Har yau ina jin daɗin wannan takalmi, ko da yake launinsa ya koɗe.

Akwai kuma batun idon sawu, wanda ba a cika magana a kansa ba. Mutumin da ya saba gudu ko ƙwallo yakan zo da idon sawu a sandare, yatsunsa suna kallon ƙasan ruwa, sai ka ga yana bugun ƙafa da iyakar ƙarfinsa amma yana nan inda yake. Takalmin yana miƙar da ƙafar sannu a hankali, kuma yana tilasta bugun ya taso daga ƙugu maimakon gwiwa. Haka nan yana koya wa mutum bugun ƙafafu a haɗe a ƙarƙashin ruwa bayan ya tunkuɗi bango, wanda saurinsa ya sa doka ta taƙaita shi zuwa mita 15 a gasa. A wurin iyo mai tsawon mita 25, inda ake yawan isa bango, wannan kaɗai yana rage lokaci sosai. Gajeren takalmi nake nufi, domin dogon na masu nutso a teku ne, kuma yana sa bugun ya yi nawa har ya saɓa da saurin hannu.

Faifan hannu kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba. Yana faɗaɗa tafin hannu ya ƙara ƙarfin jan ruwa, kuma gaskiya ne cewa hannu ne yake kawo mafi yawan tafiyar mai iyo a kife. Amma kaya ne na wanda jan ruwansa ya riga ya daidaita, domin idan gwiwar hannunka tana faɗuwa, faifan zai ɗora wa kafaɗa nauyin wannan kuskure a kowane ja, kuma ciwon kafaɗa shi ne ciwon da ya fi addabar masu iyo. Nawa faifan, ciwon kafaɗa ya bar mini, ban ga sauri ba. Idan wani koci ya duba ka nan gaba ya ce ka isa, ka ɗauki wanda bai fi tafinka girma sosai ba.

Shi ma takalmin yana da tarkonsa, wato daɗin saurin aro. Ba a shiga gasa da shi, don haka lokacin da ka yi ba takalmi shi ne naka. Kada ya wuce wani yanki na atisayenka. Misali, ka yi mita 50 sau takwas da hutun sakan 20 a tsakani, huɗun farko da takalmi, huɗun ƙarshe ba shi, kana ƙoƙarin riƙe kwanciyar jikin da ka ji da farko. Ka riƙa duba agogo, ka kuma ƙirga jan hannu nawa ne yake kai ka bango, saboda sauri ba komai ba ne illa nisan da kowane ja yake kai ka haɗe da yawan jan da kake yi a cikin minti. Idan lokaci ya ragu kuma ƙirgar ba ta ƙaru ba, ka ci gaba da gaske.

Ba ka tambayi wannan ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Wasu sukan ɗora hoton gajeren takalmi su aiko da dogo na nutso, wasu kuma su manna tambarin sanannen kamfani a kan busasshiyar roba mai tsagewa, wadda take goge diddige har ya yi bororo. Duk wanda ya yi maka alkawarin rage sakan kaza cikin mako guda, ko ya matsa maka ka haɗa da faifai da sauran tarkace wai sai da su atisaye yake cika, kuɗinka yake kallo. Ka nemi na silikon ko roba mai laushi, ka lanƙwasa shi da hannu ka ga ko zai koma yadda yake ba tare da farin layi ya fito a jikinsa ba, sannan ka gwada shi a ƙafa ba safa. Ya kama ƙafar ba tare da ya matse yatsu ba, domin wanda ya yi sako-sako a bushe zai zame da zarar ya jiƙe. Idan daga nesa za ka saya, kada ka biya sai mai kayan ya amince a rubuce cewa zai canja maka idan lambar ba ta yi daidai ba.