Shekara ɗaya a makarantar kurame: abin da na gani a kan 'yata

'Yata tana da shekara biyu sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma jinta bai dawo ba. Yanzu shekararta takwas. Ta yi shekara biyu a makarantar kowa da kowa, ta kuma cika shekara ɗaya a makarantar kurame, kuma wannan ta biyun nake son in ba da shaida a kanta.

Ni ce na dage tun farko a sa ta cikin sauran yara. Na ji cewa a 1994, a taron Salamanca a ƙasar Sifen, gwamnatoci 92 sun amince yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da 'yan'uwansu, har yau kuma ina ganin manufar mai kyau ce. Amma abin da 'yata ta samu kujera ce a layin gaba. Malamarta mutuniyar kirki ce, sai dai da zarar ta juya ta fuskanci allo tana bayani, darasi ya yanke wa mai karanta leɓe. Na'urar kunnenta kuwa tana ɗaga hayaniyar aji tare da muryar malama. Kullum tana dawowa da littafi cike da rubutu mai kyau, duk kwafe, ba ta san abin da ya ƙunsa ba.

Ranar da muka je duba makarantar kurame, tsarin zaman na fara lura da shi. Yara tara ne a ajin, kujerunsu a jere kamar rabin wata, kowa yana ganin fuska da hannun kowa. Fitila ake kunnawa a kashe maimakon ƙararrawa. Malamai biyu su kansu kurame ne. Ɗaya daga cikinsu ta durƙusa daidai tsayin 'yata ta yi mata magana da hannu, yarinyar ta tsaya tana kallonta ko ƙiftawa ba ta yi. Ba ta taɓa ganin babba irinta ba sai ran nan.

Wata uku da shigarta ta tashe ni da asuba ta ba ni labarin mafarkin da ta yi, daga farko har ƙarshe. Shekara shida ina jiran hira irin wannan. Na gane abin da take faɗi ne saboda ajin maganar hannu da makarantar ke yi wa iyaye duk mako, wanda a ganina ya fi komai daraja a wurin, tunda fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Daga baya na gano ita kanta takardar Salamanca ta ce karatun kurame yana iya fi dacewa a makarantu ko azuzuwa na musamman, saboda yadda suke sadarwa.

Akwai inda raina bai kwanta ba. Lissafin da ake ba su ya yi ƙasa da shekarunsu. Har zango na biyu tana kan haɗawa da ɗebewa, alhali ta iya su tun a can. Na samu shugabar makarantar na ce, "Malama, kunnenta ne ya samu matsala, kanta lafiya lau." Ta saurare ni da mutunci, amma sai bayan wata biyu aka fara ba ta aikin ninkawa. Wasu malaman ma hannunsu bai faɗa ba, yaran sun fi su iyawa. Ga nisa: fiye da awa ɗaya kowace tafiya, ƙawayenta duk a warwatse, babu wadda za ta je wa da ƙafa.

Ba na cewa kowane yaro nan ya dace da shi. Ɗan ƙawata mai keken guragu yana makarantar kowa da kowa yana ta samun yabo, don shi gangara a bakin ƙofa da aji a ƙasa kawai yake buƙata.

Mun sake yi mata rajistar shekara mai zuwa. Na nemi a rubuta mana abin da za ta cimma a lissafi da karatu kowane zango, shugabar ta amince, za mu zauna mu duba tare a ƙarshen zangon farko.