Masaukin Wikki a Dajin Yankari: Ribar Tana Ga Wanda Ya Kwana

Yawancin masu zuwa Yankari da hantsi suke isa, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su ɗauki hoto da birai, kafin magariba sun kama hanyar Bauchi. A ganina waɗannan kuɗin shiga kawai suka biya, domin namun daji ba sa yawo da tsakar rana, kuma lokutan da suke fitowa, wato sanyin safiya da sakaliyar la'asar, su ne daidai lokutan da mai zuwa ya koma yake kan hanya. An gina masaukin Wikki ne saboda a kwana a tsakiyar dajin, don haka a kan wannan ma'auni ya kamata a duba shi, ba a kan ma'aunin otal ɗin cikin gari ba.

Daga Bauchi hanyar Gombe ake bi har zuwa Dindima, sannan a ratse kudu zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka ya iso da zarar ya ga ƙofar, alhali akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya a cikin dajin kafin a kai masaukin. Wannan nisa shi ne farkon abin da ake saye da kuɗin kwana. Gandun yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, daga baya ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Shekarun nan na kariya su suka sa matafiyi yake ganin kawo da marke da taramniya a tsaye da girmansu a gefen hanya, irin itatuwan da gatarin masu gawayi ya cinye a wurare da dama na Arewa. Ya kamata direba ya sassauta gudu a nan, saboda gadu ko mazo na iya ketare titi ba zato ba tsammani.

Ɗakunan sun haura 100, kuma hawa-hawa ne: akwai manya masu falo, akwai matsakaita na iyali, akwai kuma ɗakin kwanan jama'a da ɗalibai masu zuwa yawon buɗe ido suke sauka. Wanda na kama matsakaici ne, mai gado da makewayi a ciki, kuma ya wadatar da ni, tunda ba zaman ɗaki ya kawo ni ba. A ɗakin cin abinci ana samun abin da aka saba da shi a gida, irin su shinkafa da miya da shayi da ƙwai da safe. Mai yara ƙanana zai kyauta wa kansa idan ya taho da ɗan guzuri da ruwan sha mai yawa, domin babu kasuwa a kusa da za a aika yaro. Haka nan tocila da tsabar kuɗi a aljihu suna da amfani, ganin cewa sadarwar waya a cikin daji irin wannan ba ta tsayawa a kan ƙafa ɗaya.

Masaukin ba a katange yake daga dajin ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Da yamma gadu kan shigo filin da ke tsakanin ɗakuna da 'ya'yansa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwon ciyawa, idan ya tsorata kuma ya ruga da wutsiya a miƙe sama, 'ya'yan na biye da shi a jere. Gwaggon biri kuwa sha'aninsa daban ne. Ya saba da mutane har ya san cewa abinci a leda yake, ya iya murɗa hannun ƙofa, kuma yana lura da wanda ya bar tagar mota a buɗe. Na ga wani babban namiji ya zauna a kan dakali yana kallon wasu baƙi suna sauke kaya, bai motsa ba sai da mai riƙe da ledar burodi ya juya baya, a nan ya fizge ta ya hau rufin ɗaki ya zauna yana yagar burodin a natse. Ma'aikata suna gargaɗin baƙi tun isowa cewa a kulle ƙofa da mabuɗi, kada kuma a miƙa wa biri abinci, kuma gargaɗin nan ba na wasa ba ne, musamman ga mai ƙananan yara, domin fiƙar babban namiji abin tsoro ce.

Ruwan Wikki yana ƙasa da masaukin kaɗan, ana sauka gare shi ta matakala. Daga gindin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, yana da ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma kimanin lita miliyan 21 ke kwarara daga gare shi kowace rana zuwa kogin Gaji. Saboda ruwan a kullum tafiya yake yi, garau yake, har mutum yana hango yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. Kusa da bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, sai wanda ya iya iyo, amma can ƙasa yana raguwa har yara su iya tsayawa. A nan ma wanda ya kwana shi ke da riba. Bayan sallar asuba a lokacin hunturu, lokacin da sanyi ke hana mutum taɓa ruwan buta, tururi ke tashi daga saman Wikki, wurin kuma babu kowa, don haka magidancin da ba ya son cakuɗuwar jama'a zai iya kai iyalinsa a wannan lokaci cikin sutura da kwanciyar hankali. Da rana a ranakun hutu, musamman bikin sallah da ƙarshen shekara, wurin yakan cika maƙil.

Fita kallon namun daji sau biyu ake yi, da sassafe da kuma yamma, a cikin buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan jagora, kuma ba a yarda baƙo ya shiga shi kaɗai ba. Hanyoyin suna bin kwarin kogin Gaji, kuma dalilin haka a fili yake: idan rani ya tsananta, tafkuna da kududdufai sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro inda ruwa bai yankewa. Shi ya sa daga Janairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu, lokacin da gamba ta bushe, ganye ya kakkaɓe, ido yana kaiwa nesa. Da damina daji yakan yi kyau ƙwarai, amma ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi kuma sun watsu tunda ko'ina akwai ruwa.

A fitar safe mun ga garken ɓauna a fadama, da gwambaza a bakin ruwa, da kada kwance yana shan hantsi, sannan da gwanki, wanda a ganina babu dabbar da ta kai shi kwarjini a cikin masu ƙaho na dajin. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350, kuma ko wanda bai damu da su ba zai tsaya kallon burtu yana takawa a hankali cikin ciyawa. Ya kamata a sa tufa mai dogon hannu, mai launin ƙasa, saboda ƙudan tsando da ke gefen kogi yana bin tufa mai launin baƙi ko shuɗi, cizonsa kuma yana da zafi.

Giwa ce kowa ke tambaya, kuma a nan ne ya kamata mai niyyar zuwa ya gyara tsammaninsa. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, an ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, amma adadin nan a cikin daji mai wannan faɗi yana nufin ana iya kwana biyu ba a haɗu da su ba. Ɗan jagoranmu ya tsayar da mota ya nuna mana sawunsu a kan yashi, da ɗanyen kashinsu, da reshen da suka karya wanda har lokacin ruwa ke tsatsa daga gare shi, ya kuma bayyana yadda ake gane inda suka dosa. Na ɗauki wannan da daraja, domin ya nuna mutumin ya san aikinsa, bai kuma yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Zaki ma yana nan, ɗan kaɗan ne, Yankari da Kainji ne kaɗai wuraren da aka san ya rage a ƙasar, kuma an fi jin rurinsa da dare a kan a gan shi. Raƙumin dawa ya ƙare a wannan daji, don haka kada a zo da sa ran ganinsa.

Ƙaramin gidan tarihin da ke cikin masaukin yana bayyana dalilin wannan raguwa fiye da dogon jawabi. A ciki akwai fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, akwai kuma tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar domin tallafa wa masu gadin dajin da ke sintiri da ƙafa, kuma aikinsu bai tsaya ga mafarauta ba, akwai shanun da ake korowa kiwo cikin gandun, akwai kuma manoman ƙauyukan kewaye waɗanda giwa ke shiga gonakinsu ta yi ɓarna a dare ɗaya. Ina ganin ya dace baƙo ya shiga ɗakin nan kafin ya hau mota, saboda ya san irin wahalar da ke bayan kowace dabbar da zai gani.

Wanda ya ƙara kwana zai iya neman a kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey da ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. Suna da nisa da masaukin, sai an shirya da ɗan jagora tun da wuri.

Masaukin ya dace da iyali, da ɗalibai, da duk mai haƙurin zama cikin mota shiru yana jira. Bai dace da mai neman ƙawar babban otal ba, ko mai son a jera masa dabbobi a gabansa kamar a gidan zu. Shawarata ita ce a zo a tsakiyar mako, tsakanin Fabrairu da Maris, a kama ɗaki tun kafin a taso, a kuma ware aƙalla dare biyu domin a samu fitar safe fiye da sau ɗaya.