Tsohon idon kyamara mai fokas da hannu: wanne ya cancanci sidinka a Accra?

Duk mai ɗaukar hoton bikin suna da na aure a Nima ko Mamobi ya san ido, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, na 18-55mm da ke zuwa da ita ba ya kataɓus a cikin ɗaki da zarar magariba ta kawo jiki. Sabon ido mai shan haske sosai kuwa sai aljihu mai nauyi. Shi ya sa ake komawa ga tsofaffin idanun zamanin fim, waɗanda kai ne za ka murɗa fokas da hannunka.

Kafin a yi maganar kuɗi, a san tazarar da ke tsakanin bakin kyamara, inda ake ɗaura ido, da sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai. Kowane irin baki da tasa tazarar. Ta Canon EF milimita 44 ce. Idon M42 yana son 45.46, Olympus OM 46, Nikon F 46.5. In tazarar ido ta fi ta kyamara, zoben ƙarfe kawai, wato adafta, ake buƙata ya cike giɓin. Canon FD (42) da Minolta MD (43.5) sun gaza, sai da adafta mai gilashi a ciki, hoton kuma ya fito kamar hazon hunturu. Ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode.

Mai Canon, Super-Takumar 55mm f/1.8 zai nema. Asahi ta Japan ce ta ƙera shi a shekarun 1960, jikinsa ƙarfe zalla, baki mai murɗawa na M42. Zoben fokas ɗinsa yana tafiya sumul, da nisan juyi, har kana iya ɗora fokas a kan kwallin idon amarya ba a kan mayafinta ba. Yana matsowa har santimita 45, ga lalle ga zobe. A kan Canon 600D ko 700D yana zama kamar 88mm, daidai hoton fuska. Abin da ya fifita shi shi ne ɗan makunnin nan na A da M a gefe: ka bar shi a A ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin idon, na buɗe ka yi fokas, ka tura shi M ta rufe zuwa f/4 ko f/5.6, ka danna. Sa kyamara a Av, inda ita za ta zaɓi saurin ɗauka, ka kunna allo, ka faɗaɗa sau 10, domin hasken kore da adafta mai cif ke kunnawa don nuna fokas ya daidaita ba abin dogaro ba ne. Wasu Takumar suna yin rawaya saboda sinadarin toriyam da ke gilashin. Ajiye su a hasken rana na kwanaki yana rage ta.

Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet, 58mm f/2, yana juya bayan hoto kamar guguwa, amma kowane ɗaya da halinsa, wasu ma suna bugun madubin Canon 5D. Zuiko 50mm f/1.8 na Olympus OM ba shi da laifi.

Mai Nikon ya manta da M42, tazararsa ta gaza ta Nikon F, ba zai kai fokas nesa ba. Ya nemi Nikkor AI ko AI-S, na 1977 zuwa sama. Wanda ya girme su yana iya karya ɗan harshen awon haske na D7000 ko D750. D3200 da D5300 kuwa za su karɓi idon AI, amma ba za su auna maka haske ba.

Sai maganar cuta, wadda ta fi zaɓin kansa muhimmanci. Laimar Accra da Kumasi uwar fumfuna ce, kuma mai sayarwa, a kasuwar Circle ta Accra ne ko a intanet, zai rantse maka ƙura ce. Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka haska tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. Ƙura ɗigo-ɗigo take, ba ta hana komai. Fumfuna tana da rassa kamar saƙar gizo, in ta daɗe tana cin fentin gilashin, ko an wanke tabon na nan. In ka ga fita, wato gilashin kariya da ake murɗawa a gaban ido, kwance ta. Sau da yawa karce take ɓoyewa. Juya zoben ƙofa daga farko zuwa ƙarshe: ganyayen ƙarfen da ke rufe ƙofar su zama busassu, su rufe fat. In suna ƙyalli, mai ya malalo musu, za su riƙa makalewa tsakiyar biki. Akwai masu ɗaura zoben suna na Helios 44M-7 a kan 44M-4 don su ninka kuɗi. Cif ɗin adafta mai arha kuma da gam aka manna shi, in ya ɓalle cikin kyamara asarar ta fi ƙarfin idon.

Kada ka tura kafin alƙalami ta MoMo, wato kuɗin waya, don hoton da aka turo maka a WhatsApp. Je da kyamararka da adaftarka, ka ɗauki bene mai nisa da rubutu na kusa, ka faɗaɗa a nan gaban mai kaya. In ka kai gida, kada ka bar shi cikin jakar fata a ruwan Mayu da Yuni. Sa shi a roba mai murfi da ƙunshin silika mai shan laima uku ko huɗu, kana shanya su duk wata.